Facin Zakiyya

Tun ranar da na fara jin kalmar "mariƙi" a bakin Zakiyya raina ya ba ni cewa wani abu zai ɓaci a gidana. Ban dai kawo cewa da bakina zai ɓaci ba.

Ni mai faci ne. Shekara ashirin da shida ke nan ina zaune a gindin wata bishiyar maina a bakin hanyar Maigatari, nan Gumel, da injin iska da bahon ruwa. Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya. Zakiyya ce ta biyu a 'ya'yana, kuma ita ce ta fi son zama wurina tana ƙarama. In na tsoma tiyub a ruwa, idonta ne ke fara ganin kumfar da ke nuna inda ya huje.

Ta girma ta karanci kwamfuta, ta sami aiki a ofishin wata ƙungiyar manoman riɗi mai mambobi daga Gagarawa har Sule Tankarkar. Sunayen manoman duk suna cikin abin da take kira rumbun bayanai. Ta yi mini bayani cewa manhajar da ke tafiyar da rumbun ba ta wani kamfani ba ce. Kowa na iya ɗauka kyauta, ya buɗe cikinta ya duba, in ya ga ɓaraka ya gyara ya aika. Amma gyaran ba ya shiga sai wasu mutane kaɗan sun duba sun yarda.

Ita ma ɓaraka ta gani. In aka nemi manoman Ɗanzomo aka rubuta sunan garin da ƙaramin ɗ, sai rumbun ya ce babu kowa. In aka jera sunaye, duk mai Ɗ ko Ƙ a farko sai ya faɗa can ƙasa, bayan Z. Da haka aka taɓa kiran taro aka tsallake mutum arba'in da ɗaya.

Wata rana da yamma ta dawo daga aiki ta same ni ina wanke hannu da kalanzir.

"Baba, ka san me suke kiran gyaran da ake aika musu? Faci."

"Ke dai faɗi gaskiya."

"Wallahi faci. Yau na aika nawa."

Na yi dariya har A'i, mahaifiyarta, ta leƙo daga madafa. Na ce ashe gado ba ya ɓata. Ranar na ji kaina ya yi girma.

"Saura mariƙin ya duba," in ji Zakiyya.

"Mariƙin wa?"

"Mariƙin manhajar. Su bakwai ne ke riƙe da ita, a ƙasashe daban-daban. Ɗaya ma ka san shi. Manu. Ya ce tare kuka yi firamare a Gagarawa Tasha."

Na san Manu. Siririn yaro ne da ke tahowa daga rugarsu da ƙafa, littafinsa cikin buhun gishiri. A aji huɗu ni na zo na uku, shi na tara, wannan ban manta ba. Mu Mangawa ne, shi Bafulatani, don haka akwai wasa tsakaninmu tun kakanni. Ya ce mini bawansa, in ce masa nawa, kuma duk abin da ɗaya ya faɗa ba a fushi. Bayan firamare ya wuce Kano, daga can na ji an ce ya haye ƙasar Turawa. Ni kuwa ina gindin maina.

Sau uku Manu yana dawo mata da facin. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yadda take karɓa. Yarinyar da in na ce ta rage gishiri a miya sai ta wuni da fuska a ɗaure, ita ce ke shigowa tana murmushi tana cewa, "Ya dawo mini da shi. Ya ce na manta da Ɓ."

A karo na uku ta ce, "Ya ce facin da ba a gwada ba, ba faci ba ne. Sai na rubuta gwajin da zai nuna ya toshe."

"Ai wannan ni na koya miki. Bahon ruwa fa?"

"Haka ne, Baba. Amma wannan daban ne."

Ba ta faɗa da wata manufa ba, na sani. Amma na kasa cin tuwo sosai.

"Malam, kishi kake da mutumin da ke bayan teku?" A'i ta tambaye ni bayan yarinyar ta tashi.

"Kishin me? Ni na haife ta."

"To ci tuwonka, mai haihuwa."

Na fara lura da abubuwan da da ba na kula da su. Sau nawa take ambaton sunansa a wuni. Yadda take cewa "mariƙinmu" kamar mai faɗin kawunta. A wurinmu mariƙi shi ne wanda aka ba ɗa ya yi rainonsa, ko don uban ya mutu ko don ya gaza. Na san ba haka take nufi ba, amma duk sanda ta faɗa sai in ji kamar ana tambayata wanne ne ni a ciki. Har na fara tunanin wata rana zai ce ta taho can, ta tafi, in zama mutumin da ake gaisarwa ta waya ranar Sallah.

Ran wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta kunna mana saƙon murya a tsakar gida. Muryar ta yi kauri, amma harshen na Manu ne.

"Zakiyya, saura kaɗan facinki ya shiga. Ki gaya wa bawana Haladu na gode da ya yi mini kiwon 'ya. Yanzu na karɓe ta riƙo. Shi ya ci gaba da hura tayar amalanke, dama abin da Bamange ya iya ke nan."

A'i ta yi dariya har da riƙe ciki. Zakiyya ta ce, "Baba, sai ka rama fa. Kada ka bar mu da kunya."

Na ce ta ba ni lambar. Ta ba ni da murna.

Na san abin da ya kamata. In ce masa ɗan nono, in tambaye shi ko Turawa sun koya masa zama a kujera, in ce 'yar da ya karɓa uwargijiyarsa ce ta zo duba aikin bawanta. Har na shirya maganganun a raina.

Ranar Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, motocin shanu na ta wucewa. Na gama da wata taya da ta ba ni wuya, na zauna da gumi, na danna wayar. Abin da ya fito daban.

"Manu, Haladu ne. Ba da wasa nake ba. Yarinyar nan tana da uba, kuma ban ba kowa riƙonta ba. Sau uku kana mayar mata da aiki kamar wata baiwarka. In ka fi ni karatu, ba ka fi ni a kanta ba. Ka fita harkar gidana."

Na aika. Na ɗan ji sanyi, na kamar minti biyar.

Sai ranar Asabar amsa ta zo. "Assalamu alaikum, Malam Haladu. Na ji saƙonka. Allah ya huci zuciyarka. Ba zan ƙara ba."

Malam Haladu. Tun muna yara bai taɓa kirana da sunan girma ba. Na saurara sau huɗu ko zan ji dariya a ƙarƙashin muryar, babu.

Da la'asar Zakiyya ta zo har gindin maina, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta tsaya sai da mai babur ɗin da nake yi wa aiki ya tafi.

"Baba, me ka ce masa?"

"Me ya faru?"

"Ya rubuta a shafin da kowa ke gani cewa ya janye hannunsa daga duba facina, saboda wani dalili nasa. Ya ce wani ya karɓa. Sauran shidan babu mai jin Hausa. Ɗaya ya riga ya tambaya ko ɗ ba d ba ce da aka yi wa ado. Kwana goma ya rage su rufe karɓar gyara na wannan zagaye, in ya wuce sai bayan wata shida. Layi biyu kawai suka rage mini in gyara, Baba."

Na faɗa mata abin da na ce, ban rage komai ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Abokin wasanka ne fa," ta ce.

"Na sani."

"To."

Ta juya ta tafi. Tun ranar tana gaishe ni da safe a durƙushe yadda ta saba, tana kawo mini ruwa in na dawo. Amma maganar aikinta ta daina yi a gabana. In na shigo tana ba A'i labari, sai ta koma zancen cefane.

Shekaranjiya na sake aika wa Manu saƙo. Na ce, "Kai bawana, tun yaushe Bafulatani ya fara jin zafin maganar ubangidansa? Koma ka duba aikin yarinya kafin in sa a sayar da kai a Maigatari." Na aika. Wayar ta nuna ya saurara. Bai amsa ba.

Kwana huɗu suka rage. Ban san ko facin zai shiga ba, ban san ko Manu zai amsa ba, kuma ban san ko Zakiyya za ta sake ba ni labarin aikinta ba.