Tafin da Aka Yi wa Auta

Taron masu kula da laburaren asibitoci ba wurin da mutum zai je neman nishaɗi ba ne. Mutane ne da suka tsufa a kan "a yi shiru", ko tari zai kama ɗayansu sai ya nemi gafara. Shi ya sa kwamitin shirya taro ya ce bana kam a kawo makaɗa a ranar ƙarshe, ko jini ya ɗan motsa. Auta ce ta yi caraf ta ɗaga hannu, ta ce tana da zabiya a gida, yayarta ce uwa ɗaya uba ɗaya.

Ba cika baki ta yi ba. Tun da iyayensu suka rasu Yaya ce uwa, ita ce uba. Da maƙogwaronta ta ciyar da Auta, da shi ta yi mata karatu, daga gidan biki zuwa gidan biki, har yarinyar ta sami tebur da kujera a laburaren babban asibiti. Aikin Auta kuwa ba jera littattafai kaɗai ba ne. Likita zai kawo mata tambayar da ta shige masa duhu, ita kuma ta shiga kwamfuta ta tono abin da masana suka rubuta, ta tace, ta miƙa masa. A nan ba ta da na biyu.

Ana tsakiyar shirin taron muryar Yaya ta fara dishewa. Aka ce mura ce. Mura ta ƙi tafiya, Auta ta ja ta zuwa wurin wani ƙaramin likita, aka leƙa maƙogwaron, aka ɗebi tsoka aka gwada. Da sakamako ya fito, likitan bai san ta inda zai fara ba, sai ya kawo wa Auta tambayar, kamar yadda ya saba. Ita da hannunta ta tono amsar. Ciwon daji ne, irin mai saurin nan, kuma ya riga ya yi nisa. In an yi tiyata za a raba Yaya da muryarta, ba kuwa za a ƙara mata kwana ba.

Auta ta roƙi likitan, har da hawaye. Ta ce don Allah kada a faɗa wa Yaya sai ta yi waƙar nan tukuna, domin Yaya ta riga ta ɗinka sabon kaya, ta kuma gaya wa duk unguwa za ta yi wa manyan masu ilimi waƙa. Ya yarda ba da son ransa ba. Daga nan kullum Auta ta haɗa zuma da citta a fulas ta kai mata, tana cewa sanyi ne, zai sake ta. Wallahi ƙaryar nan ta fi ciwon cin Auta, amma ta daure.

Ranar ta zo. Babban ɗakin otal ya cika da mutane masu rataye da kati a wuya, sanyin na'ura kamar a ɗakin ajiye gawa. A bayan dandamali akwai labule mai kauri, a bayansa kuma wani lungu inda ake jibge karyayyun kujeru. Nan aka ajiye Yaya da makaɗanta uku.

"Auta, waɗannan mutanen naki suna rawa kuwa?" Yaya ta tambaya tana leƙe ta tsagar labule. "Na ga kamar an zo ta'aziyya."

"Sai kin motsa su, Yaya. Ga fulas ɗinki, ki sha da zafinsa."

"Ke da zumar nan! Saura kaɗan ƙudan zuma su fara bi na."

A tsarin da aka yi, waƙa ce farko, sannan jawabin babban baƙo, wato Farfesa, shugaban sashen da ƙaramin likitan nan yake aiki. Sai ga shugabar kwamiti tana haki, wai Farfesa jirgi zai kama, don haka shi zai fara, makaɗa su jira. Auta ba ta ga wani abu a ciki ba. Ta je layin gaba ta zauna kusa da shugabar.

Farfesa ya iya magana, a ba shi wannan. Ya yi ta yabon masu laburare har kawuna suka kumbura. Can ya ce bari ya ba da misali da wani abu da ya faru kwanan nan a sashensa, ba zai kama suna ba, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Shi kansa ma bai taɓa ganin marar lafiyar ba, a takarda ya san ta.

"Mace ce, ta haura hamsin," in ji shi. "Zabiya ce, da muryarta take ci. Ta zo da dishewar murya, bayan ta sha zuma da citta har ta gode Allah."

Ɗaki ya ɗauki 'yar dariya. Auta kuwa nan take ta gane da Yaya ake. Ta waiga, sai idonta ya faɗa kan lasifika, ƙato guda, an jingina shi daidai jikin labulen. Inna lillahi! Ta yunƙura za ta tashi, shugabar ta dafa mata gwiwa tana murmushi, wai ta zauna, yanzu Farfesa zai ambace ta. To ta tashi ta ce me? Ta katse Farfesa a gaban jama'a? Matar da ta yi rabin rayuwarta tana hana mutane ɗaga murya, yau ita za ta ɗaga tata? Ta zauna, tana ji tana gani.

Majigi ya hasko hoton cikin maƙogwaro, ja, da wani farin abu a gefe kamar ruɓaɓɓen farin kabeji. Farfesa ya nuna shi da sanda. Ya ce da a da ne da tuni an yanka, an bar baiwar Allah ba murya. Amma bincike ya nuna yankan ba shi da amfani, watanni kaɗan suka rage mata ko an yi ko ba a yi ba, gara a bar ta ta ƙarasa da muryarta. Mutane suna ta rubutawa a littattafan da aka raba musu.

"Wa ya tono mana wannan gaskiyar?" Farfesa ya ɗaga murya. "Ɗaya daga cikinku ce, tana nan zaune. Malama, tashi a gan ki!"

Shugabar ta tura ta. Auta ta miƙe, ɗaki ya kaure da tafi, wasu har da miƙewa. Tun da take ba a taɓa tafa mata haka ba. Ta kalli labulen, ta ga tsagar nan ta ɗan buɗe, sannan ta rufe.

Farfesa ya tattara takardunsa ya yi gaba, aka fara raba lemo da biskit. Auta ta zagaya baya kamar wadda ake ja da igiya. Makaɗan uku sun sunkuyar da kai, babbansu yana ta murza igiyar gangarsa ba dalili. Yaya tana zaune a kan wata kujera mai karyayyen hannu, tana gyara ɗaurin ɗankwali a ɗan madubi.

"Na ji an tafa miki," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Ashe karatun bai tashi a banza ba."

"Yaya, don girman Allah ki saurare ni…"

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun da sakamako ya fito. So na yi ki yi waƙarki da farin ciki, shi ke nan. Gobe na yi niyyar faɗa miki, na rantse."

Yaya ta ajiye madubin. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi, da Auta ta sami sauƙi.

"Mutuwa ba baƙuwa ba ce, Auta. Ni na rufe wa Inna ido, ke kina bayana a goye. Da a ɗakina kika same ni, kika kama hannuna kika faɗa mini, da ni zan lallashe ki. Amma ki bari ni da baƙi mu ji tare? Suna rubutawa?"

Auta ta durƙusa ta kama gefen zanenta. Yaya ta zare zanen a hankali, ta karkaɗe shi, don sabo ne. Daga waje shugabar tana sanarwa a makirufo cewa yanzu kuma lokacin shaƙatawa ne.

"Ku tashi," Yaya ta ce wa makaɗan. "An kira mu."

Ta ɗaga labule ta fita. Ganga ta tashi, ita ma ta ɗauka, waƙar da take yi wa Auta a goye in ta ƙi barci. Da ta zo inda ake hawa sama, muryar ta tsage. Wani a layin baya ya yi tsaki ya ce makirufon otal ɗin nan ba shi da kyau. Yaya ta haɗiye, ta sake hawa, ta sake tsagewa, ba ta fasa ba. Rabin ɗakin suna cin biskit, 'yan kaɗan suna kaɗa kai.

Auta tana lungu, rungume da fulas ɗin da ko buɗe shi ba a yi ba. Duk inda muryar ta karye ta san sunan abin da ya karya ta, ta san shafin da ta karanta shi. Da aka gama aka tafa, tafin bai kai rabin wanda aka yi mata ba. Ta tsaya a bakin labule tana jira, amma Yaya ta sauka ta ɗaya gefen, ta bi ƙofar da jama'a ke fita.