Allurar Motar Alhaji Sada

Allurar man motar Alhaji Sada ta daɗe da mutuwa. Ko a cika tanki, ko a bar shi ƙaf, tana nan kwance a gefe guda abinta. Mutum ɗaya ne wannan bai dama ba, wato Ya'u direba.

Alhaji mai awon gyaɗa ne a Ikara, shekara biyu bayan samun mulkin kai ya sayi motar a hannun wani Bature da zai koma gida. Duk ranar kasuwar Makarfi, da zarar Alhaji ya zauna gaban sikeli a can, sai Ya'u ya sulale da motar zuwa Dandamisa wurin mahaifiyarsa Talatu, wadda idonta ya tafi. Daga ƙarar injin take gane shi. Ya ɗebo mata ruwa, ya faskara itace, su sha fura, ya dawo kafin la'asar. Man da ya ƙona ba wanda ya sani, tunda allurar ba ta magana.

Rannan mai ya ƙare musu a hanyar Kudan, Alhaji ya taka da ƙafa cikin babbar riga. Washegari ya aika Zariya aka sayo sabon ma'auni, ya ce a kai wa Ilisha makanike.

Ilisha ya kwance tsohon daga saman tanki. Ashe ƙwallon tagullar da ke yawo a kan man ne ya huje, ya sha fetur ya nutse. Ya ɗaura sabon, ya tsiyaye tankin, ya sa Ya'u ya riƙa zuba mai kaɗan-kaɗan, shi kuma yana lanƙwasa wayar da ke riƙe da ƙwallon har allura ta tsaya inda ya kamata.

Da suka kai rabi, Ilisha ya ce ba tare da ya ɗago ba, “Ina ganinka a hanyar Dandamisa fa. In na ƙara lanƙwasa wayar nan kaɗan, allura ba za ta motsa ba sai ka je ka dawo.”

Ya'u ya sauke galan ɗin da ke hannunsa. Yana so ƙwarai. Amma a ganinsa, allura ta mutu da kanta daban, ka sa hannu ka koya mata ƙarya kuma daban.

“Bar ta daidai, Ilisha.”

“To, ruwanka.”

Ranar kasuwa Ya'u ya ari keken wani mai rake. Tafiyar ta cinye masa lokacin, ya isa jiƙe da gumi, ba halin itace balle fura. Talatu na zaune a bakin zaure tun hantsi, ta juya kunne wajen hanya. Sai da ya yi sallama ta san ya zo.

“Ya'u? Ban ji motar ba. Ta lalace ne?”

Ya durƙusa, hannunsa ɗaya bai saki keken ba.

“A'a, Inna. Gyara ta aka yi.”