Yayen Ɗan Taguwar Jazza

Taguwar Jazza ta rame har mai wucewa a titi yana ganin haƙarƙarinta. Ɗanta kuwa ya yi ɓul-ɓul, ya kusa kamo ta tsawo, amma kullum kansa na ƙarƙashinta. Lokacin yaye ya yi, kowa ya sani. Sai dai a gidansu Jazza ba a yaye ɗan raƙumi sai an ga Suhailu, tauraron da ke leƙowa ta kudu gab da asuba idan zafi ya fara karyewa. A kama kunnen ɗan, a juya fuskarsa ga tauraron, a ba shi mari guda, a ce masa nono ya ƙare. Haka ubansa ya yi, haka kakansa.

A zamaninsu garken yana tsakiyar rairayi. Yanzu Riyad, babban birnin Saudiyya, ta yi ta miƙo ƙafa har ta zagaye shi, kuma bara maƙwabcinsa Abu Turki ya gina filin ƙwallo na haya daidai kudu da garken, da fitilu a kan dogayen ƙarafa masu kwana a kunne.

"Abu Nayif," in ji matarsa Wadha, ta kira shi da alkunyarsa tana zuba masa gahawa, "ɗanka ya duba a waya. Ya ce tauraron naka ya daɗe da fitowa."

"To wayar ta zo ta mare shi mana."

"Kai ka sani. In taguwar ta faɗi, ni dai ba ni da ƙashin bayan da zan ɗaga raƙumi."

Jazza ya tare Abu Turki a ƙofar masallaci bayan sallar asuba, tun mutumin bai gama saka takalmi ba.

"Ka kashe mini fitilun nan. Wa ke buga ƙwallo da asuba? Aljanu?"

"Haba Baffa, ɓarayin wayar lantarki ne suka dame ni." Abu Turki ya yi dariya, ya nuna sama da makullin motarsa. "Kuma ga tauraro can ɓaro-ɓaro, kamar fitilar mota. Me kake nema kuma?"

Jazza ya ji jini ya hau masa kai. "Wannan Shi'ira ce! Ko makaho yana ganinta. Kakanka da ita da Suhailu ya ratsa sahara ba ko taswira, kai ga ka nan da gemu ba ka san wannan daga wancan ba. Tir!"

Masu fitowa suka tsaya kallo. Wani ya ce a yi haƙuri, wani ya ce tsufa ne. Wannan ta fi ƙona masa rai. Mutum ya nemi ganin sama daga ƙofar gidansa, shi ne tsufa?

Abu Turki ya ji kunyar idon jama'a. Ya sumbaci goshin tsohon ya ce, "Gobe in sha Allahu, saboda kai. Amma in aka sace mini waya, taguwar zan kama."

Washegari kafin kiran salla Jazza yana garke. Taguwar na durƙushe. Ya buga mata ƙafa don ta tashi, ta yunƙura, ta koma. Sai a yunƙuri na gaba ta miƙe, ƙafafunta na rawa, kuma nan take ɗan ya cusa kai.

Fitilun filin suka mutu ɗif.

Jazza ya ɗaga kai, ya jira idonsa ya saba. Babu duhun da ya zo. Bayan filin akwai babban titi da fitilunsa jere har inda ido ya ƙare, bayan titin rumbunan ajiye kaya, bayansu wani sabon rukunin gidaje da ko mutum ɗaya bai tare ba amma an haske shi tas. Gefen sama na kudu duk ya yi ja-ja kamar miyar da ta kwana. Shi'ira na can sama abinta, da wasu taurari 'yan ƙalilan. Inda Suhailu ya kamata ya tsaya, allon tallan turare ne ke walƙiya.

Wa zai tare a ƙofar masallaci yanzu?

Ya daɗe a tsaye yana jin ƙarar tsotson ɗan. Sannan ya damƙi kunnensa, ya fizgo shi daga nonon, ya murɗa fuskarsa wajen allon.

"Yana can. Wallahi yana can, ni ne shaida. Nono ya ƙare."

Marin ya fi na al'ada ƙarfi nesa ba kusa ba. Ɗan raƙumin ya yi tangaɗi ya saki kuka, Jazza kuwa ya dubi tafin hannunsa kamar na wani.

"Ka gan shi?" Wadha ta tambaya daga ƙofa.

"Kawo igiya," ya ce. "Ki kuma jiƙa wa taguwar hatsin sha'ir da yawa."

Ya ja ɗan zuwa ɗaya garken yana turjewa, uwar na bin su da kira ta cikin shinge.