Igiyar Goge Bindigar Jafta

Dila ya fito daga bayan dutse da ɗan tunkiya a baki, ya tsaya ya dubi Fransina kamar mai tambayar lafiyar gida. Ta ɗora bindiga a kan dirkar shinge, ta riƙe numfashi, ta ja kunama. Ƙura ta tashi can gefe, nesa da inda yake. Dila ya yi gaba abinsa, ko saurin kirki bai yi ba. Wallahi rainin ya fi ɓarnar ciwo.

Ta daina ƙirga sau nawa aka yi haka. Lokacin haihuwar tumaki ne, kuma a gonarsu da ke kudu da Rehoboth ƙasa ba ta fid da komai sai dutse da ƙaya. 'Ya'yan tumakin nan su ne abinci, su ne maganin asibiti, su ne hujjar zama a wurin. Ɗansu Elrico kuwa ya samu abin faɗa, kullum sai ya bugo waya daga birnin Windhoek.

"Mama, idonki ne ya gaji, ba abin kunya ba ne. Ku sayar ku dawo gari, ga ɗaki nan a bayan gida."

Ɗaki a bayan gida! Da ganin yaron ka san bai taɓa kallon fuskar ubansa da kyau ba.

Bindigar ta mijinta Jafta ce, irin mai sakata wadda ake ɗana wa harsashi ɗaya bayan ɗaya. Shekarun baya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi, ya tafi da hannun dama da ƙafar dama da yawancin maganarsa. Aiki ɗaya ya rage masa a duniya. Kowace safiya bayan kofi, Fransina takan zare sakatar ta miƙa masa bindigar a baranda. Sai ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa, ya zura igiya mai tsumma ta baya har ta leƙo ta baki, ya naɗe ta a hannun hagu ya ja. Ya sake, ya kuma sakewa, har gumi ya tsattsafo masa. In ya gama sai ya ɗaga bututun wajen rana ya leƙa, ya miƙo mata ya ce, "Tsaf." Kalmar tana cikin 'yan kaɗan da ciwon ya bar masa, kuma don ita yake tashi daga gado.

Ranar da dilan nan ya raina ta, Fransina ta naɗe bindigar a bargo ta jefa a akori-kura, ta nufi garin Mariental wajen Stoffel mai gyaran bindigogi. Tsohon abokin farautar Jafta ne, mutum mai hannun kirki da bakin tsiya.

"Anti Fransina! Yau kuma wa za a harbe? In ni ne, bari in gama shan kofi."

"Da kai ne da ka tsira. Ko shagon nan na auna sai in kuskure. Duba min ita, in kuma ni ce na lalace ka faɗa min kai tsaye."

Stoffel ya aje kofin. Ya fara da kusoshin da ke riƙe ƙarfe da ƙota, ya tarar da su daram. Ya zura siririyar takarda tsakanin bututu da katako, ta wuce sumul, babu inda itace ya kumbura ya danni ƙarfe. Ya jijjiga madubin saiti, bai motsa ba. Ya gwada kunama, ya ce ita ma ba ta da laifi. Duk abin da ya wanke, gaban Fransina sai ya ƙara faɗuwa, don saura ita.

Suka fita bayan shago inda yake gwaji. Ya kwantar da bindigar a kan buhunan yashi, ya harba wa kwali harsashi uku a natse. Da suka je dubawa, ɗaya na sama, ɗaya na gefe, na ukun ko kwalin bai taɓa ba.

"To Anti, ko dai ni ma na makance, ko kuwa ba ke ba ce."

Ta ji kamar an sauke mata buhun masara daga ka. Har ta fara shirya abin da za ta gaya wa Elrico.

A cikin shago Stoffel ya maƙala gilashin masu gyaran agogo a ido, ya juyo bakin bindigar wajen taga. Ya daɗe yana kallo, sannan ya yi tsaki.

"Zo ki gani. Bakin nan ya kamata ya zama zagaye cif, kin ga ya zaizaye ta gefe ɗaya? Abin da harsashi ya taɓa daga ƙarshe shi ke ba shi hanya. In gefe ɗaya ya riga sakinsa, iskar da ke tura shi sai ta kwaɗe shi ya bauɗe. Igiya ce ta ci shi. Wani ne ke jan ta a karkace, ga yashi ya maƙale mata, kullum tana gurzar wuri ɗaya. Wane mugun ne ke goge wannan bindiga? Ai kamata ya yi a ɗaure masa hannuwa."

"Ɗaya gare shi," in ji Fransina.

Stoffel ya cire gilashin a hankali. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa sai ga shi ya kama goge teburin da ba shi da datti.

Sannan ya kama aiki. Ya raba ƙarfen da ƙotar, ya ɗaura bututun a injin ferewa, ya daɗe yana daidaita shi har ya daina rawa in yana juyawa. Ya yanke abin da bai kai gaɓar yatsa ba, ya fere sabon baki, ya lallaɓa shi da dunƙulen tagulla da man gurza har ya yi sheƙi. Da suka koma wajen kwali, Fransina ce ta harba, kuma murfin kwalba ɗaya ya isa ya rufe hujin ukun. Ta yi zaton za ta yi murna. Ba ta yi ba.

Stoffel ya fere mata wata 'yar hular tagulla mai rami a tsakiya, wadda ake kifa wa bakin bindiga lokacin guga.

"Wannan za ta kare bakin, amma sai an riƙe ta, kuma igiyar ta fito a miƙe. Shi kaɗai ba zai iya ba." Ya sosa ƙeya. "Ina da wata matacciyar bindiga a ɗakin ajiya, kamarsu ɗaya. Ki kai masa ya yi ta gogewa."

"Mijina ne, Stoffel, ba yaron goye ba da za a ba shi abin wasa."

Ta faɗi haka da zafi, amma a hanya ita ma ƙaryar ta dinga saƙawa. Za ta ce bindigar ce ta faɗo daga mota bakin ya lotsa. Za ta ce Stoffel ya hana a goge ta sai bayan wata. Ta maimaita har ta haddace.

Jafta na baranda lokacin da ta iso, rana ta yi sanyi. Ya miƙo hannu, ta ba shi bindigar. Ta manta cewa mutumin nan ya fi ta sanin bindigar, tun kafin ya san ta yake ɗauke da ita. Ya shafa babban yatsa a kan sabon bakin, ya zagaya shi sau ɗaya, ya tsaya.

"Faɗowa ta yi daga mota," ta fara, "sai bakin ya..."

Ya girgiza kai. Ya dubi igiyar da ke rataye a ƙusa, ya dubi hannunsa na hagu, ya dubi garken da ya ragu a cikin shinge.

"Ni," ya ce.

Tun ranar da aka dawo da shi daga asibiti ba ta ga ya yi kuka ba. Ta shige madafa don kada ya ga ta gani, ta tsaya tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke, tausayinsa na cin ta.

Washegari ya ƙi kofi. Da ta sauko da igiyar daga ƙusa, ya ture ta da bayan hannu ta faɗi ƙasa, ya juya fuska wajen bango. Fransina ta san in aka bar safiyar nan ta wuce haka, gobe ba zai tashi daga gado ba, kuma ɗakin Elrico ya same su ke nan.

Ta jawo teburin cin abinci har baranda, tana jan sa yana ƙara. Ta jefa sakatar a aljihu, ta kwantar da bindigar a kan teburin, ta kifa hular tagullar, ta zura igiyar da kanta. Ta danne ƙota da gwiwar hannu, ta riƙe hular da yatsu.

"Tsoho, juyo. Ni ban iya wannan ƙazamin aikin ba, kuma ban da niyyar koya da tsufana. Ga tumaki, ga girki, ga kai, sannan in haɗa da gugar bindiga? Ja nan. Wajen ƙirjinka za ka ja, ba wajen maƙwabta ba."

Bai motsa ba. Ta ci gaba da riƙewa har hannunta ya fara sagewa. Can ya juyo, ya naɗe igiyar a hannu, ya ja. Ta fito a miƙe, ko gefen tagullar ba ta shafa ba. Ta sake zurawa, ya sake ja.

Da suka gama ta ɗaga masa bututun wajen rana. Ya leƙa ya daɗe, ya fi kullum daɗewa.

"Tsaf," ya ce.

Ta mayar da sakatar, ta tura masa kofinsa da ya huce, ta rataya bindigar ta nufi shinge.