Ba Kati, Ba Shiga

"Ba zan buɗe ba, Baba."

Sau biyu yana cewa in matsa daga ƙofar ɗakin Auta. Gwaggo, yayarsa, tana tsaye bayansa da jikokinta uku, ƙaramin yana tari yana goge hanci da gefen mayafinta.

"Dubiya muka zo," in ji Gwaggo. "Ko sai mun cike takarda?"

"Ke ki wanke hannu, ki sa takunkumi, ki shiga. Yaran kuwa sai na ga katin rigakafinsu."

"Ji mini 'ya. Ni na goyi ubanki, yau ni ake tambaya kati a gidansa."

Auta ƙanwata ce, shekararta shida, kansar jini ke damunta. Maganin da ake ƙara mata ta jijiya yana cin cutar, amma ya karya garkuwar jikinta, har da abin da alluran jarirantaka suka gina. Likita ya ce ba za a maimaita mata su ba sai bayan an gama magani. Kafin nan mashaƙo, sanƙarau ko tarin shiƙa, kowanne zai iya ɗauke ta. Shekara huɗu na yi ina karatun gwajin jini. Na san yadda ƙwayar cuta ke cika farantin gwaji a kwana guda, kuma ba na jin kunyar na sani.

"Gobe da safe ni zan kai su asibiti da ƙafata, Gwaggo. Kyauta ne."

"Ubansu ya hana."

"To ni ma na hana."

Baba ya dube ni, ya ce, "Da na san abin da boko zai maishe ki ke nan, da keken ɗinki na saya miki."

Daga ciki Auta ta fara dukan ƙofa. Ta ji muryar Mai Wushirya, babbar jikar Gwaggo, ƙawarta tun suna rarrafe. Yarinyar ta durƙusa ta zura yatsu ta ƙarƙashin ƙofa, Auta ta kama. Ni na sunkuya na zare hannun. Gwaggo ta tattara jikokinta, ko ruwan da Mama ta kawo ba ta kalla ba.

Tun ranar ban zauna ba. In goge hannun ƙofa, in tafasa kofinta, in auna zafin jikinta, in rubuta, in sake aunawa. In aka yi sallama gabana sai ya faɗi. In wani ya yi tari a tsakar gida, ina jin sa ko ina banɗaki. Aikin da aka kira ni a wani ɗakin gwaji na ce su ba wani, don na san ranar da na sa ƙafa waje Mama za ta ji kunyar baƙi ta buɗe.

Wata biyar ke nan. Auta ba ta kamu da komai ba, saura zagaye biyu na magani.

Dangin Baba sun ɗauke ƙafa daga gidanmu. Baba yana amsa gaisuwata da ka. Aikin ya tafi. Auta kuwa in na shiga da magani sai ta buɗe baki ta haɗiye, ta juya wa bango fuska. Ta daina ce mini Yaya.