Allurar Auta

Rana ɗaya aka kwantar da Dogo da ƙanensa Auta a ɗakin masu korona, gado kusa da gado. Kafintoci ne su biyun. Tun suna samari suke aiki a shago ɗaya, suna faɗa a kan zarto suna shiryawa a kan kwanon abinci, har furfura ta cim musu. Dogo ne ya fi jin jiki. Ko juyawa ya yi a gado sai ya yi ta haki, robar iska na manne a fuskarsa.

Likitar ɗakin takan shigo da safe, a rufe ruf, idonta kawai ake gani. Wata safiya ta daɗe a kan Auta. Zazzaɓinsa da ya sauka ya dawo da ƙarfi, kakinsa ya yi kauri ya canza launi. Ta duba sakamakon awon jininsa, ta ɗaga hoton ƙirjinsa ta ga wani wuri ya yi fari fat a gindin huhun dama. Nan take ta ce wa nas a fara yi masa allurar kashe bakteriya.

Da nas ta zo da allurar, Auta ya naɗe hannunsa cikin bargo.

"A fara da Yaya," in ji shi. "Kowa ya ga ya fi ni galabaita."

Likita ta jawo kujera ta zauna tsakanin gadajen.

"Baba, ciwonku ba iri ɗaya ba ne. Kai bayan korona, wata ƙwayar cuta ta samu ƙofa ta shiga huhunka. Ita ce allurar nan take kashewa. Korona kuwa ko a jikinta."

"Kin gan ta da idonki?"

"Ban gani ba. Mun aika kakinku ɗakin gwaji, amma sai an yi kwanaki kafin a sani, kai kuma ba za ka iya jira ba. Shi ya sa muke bin alamu: yadda zazzaɓi yake tafiya, kalar kaki, abin da jini ya nuna, da hoton ƙirji. Naka duk sun nuna. Na yayanka babu ko ɗaya."

"To ki ba shi mana, ko da Allah zai sa a dace. Me zai rage ki da shi?"

"Ƙodarsa ba ta da ƙarfi, Baba, allurar za ta iya ƙara masa wahala. Kuma in muka yi ta bai wa kowa, ƙwayoyin sai su saba da ita. Ranar da ake buƙatarta da gaske, sai ta zama ruwa."

Auta ya kawar da kai. Sai Dogo ya ɗaga robar iskar daga bakinsa.

"Kai Auta," ya ce, yana tsayawa yana jan numfashi. "Tun kana yaro kake gudun allura. Yau ka samu hujja, ka fake da ni. Miƙa hannu."

Nas ta yi dariya cikin takunkuminta. Auta bai yi ba, amma ya fito da hannun.

Daga nan Auta ya fara samun sauƙi. Zazzaɓin ya sauka, har ya soma ƙorafin abinci babu gishiri. Dogo kuwa kullum sai an ƙara masa iska. Likita ba ta fasa ɗibar jininsa tana sauraron bayansa ba. Wani lokaci har takan kama kanta tana fatan ta ga alamun nan, don wannan ciwon dai tana da maganinsa a hannu. Ba su bayyana ba. Ta ba shi abin da ake bai wa masu korona, ta sa ana kifa shi rub da ciki, daga baya aka tura gadonsa ɗakin da ke da injin numfashi. A can ya cika, da la'asar. Washegari sakamakon ɗakin gwaji ya iso: an samu bakteriya a kakin Auta, na Dogo babu komai.

Ranar da aka sallami Auta, ya tsaya a bakin ofishinta riƙe da ledar kayansa da ta yayansa.

"'Yata, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Da kin yi masa allurar, da ya tashi?"

"A'a, Baba. Na yi wa kaina tambayar nan kafin ka yi mini. Babu abin da za ta kashe a huhunsa."

Ya gyaɗa kai ya wuce.

A bakin ƙofar asibiti matar Dogo tana zaune a kan dakali, inda ta saba zama tunda ba a barin kowa ya shiga. Ta miƙe da ta hango shi. Ya ba ta ledar mijinta, ta rungume ta a ƙirji.

"Sun kula da shi kuwa?" ta tambaya.

"Sun kula," in ji Auta. Ya gyara riƙon tasa ledar. "Zo mu je gida, a hanya zan ba ki labari."