Matar da Ta Tsaya a Ƙofar Tudu

Solomon mutumin wani ƙauye ne kusa da Malumfashi, amma shekararsa talatin da ɗaya a birnin Lyon na Faransa, kuma in ka ji shi yana zancen ƙasar Ailan sai ka rantse can aka binne cibiyarsa. Bai taɓa taka ƙasar ba. Duk abin da ya sani game da ita daga bakin Fada Malaki ya ji, wani limamin Katolika ɗan Ailan da ya ɗauke shi yana ɗan shekara shida ya kai shi makarantar kwana ta mishan. Kowace shekara ranar sha bakwai ga Maris, ranar bikin Waliyyi Patrick, Fada yakan tara yara ya ba su labaran ƙananan mutanen ɓoye masu korayen kaya da ke zaune a ƙarƙashin tuddai.

Da Solomon ya yi ritaya daga kamfanin magunguna, ba mata ba ɗa, sai kaɗaici ya tasa shi gaba a ɗan gidansa na Villeurbanne, a gefen Lyon. Ya fara rubuta labaran nan da Faransanci don yara. Littafi biyu suka fito, aka saya ba laifi. Na ukun ne ya tsaya masa a maƙogwaro, ga shi editarsa Najla tana so ya fito kafin bikin bana.

Labarin wata mata ne da mutanen ɓoye suka ɗauke mata ɗan fari suka shige da shi cikin tudu. Suka ce mata ta tsaya a ƙofar tudun ta kira sunansa da ƙarfi, za su sake shi. Kowace shekara takan zo ta tsaya, ta kira shi babban yaro, ta kira shi wan yara, ta kira shi mai sunan kakansa, amma sunan nasa ba ya fita. Nan Fada yake tsayawa. In yara suka dame shi sai ya ce lokacin addu'a ya yi.

Solomon ya ƙaga nasa ƙarshen: girman kai ya mai da matar dutse, yaron kuma ya manta da ita. Najla ta karanta ta ce wannan mugunta ce, ba za ta ba yara ba. Ta ba shi zuwa Juma'a ya nemo ƙarshen na asali, in ba haka ba littafin ya jira baɗi, ko ya jira har abada. Ta haɗa shi da wata tsohuwar malama 'yar Ailan a Paris, Madam Nuala, wadda ta ƙare rayuwarta tana tattara tatsuniyoyin ƙasarsu.

Ranar Laraba ya shiga jirgin ƙasa daga tashar Part-Dieu zuwa Paris, ya ɗaura koren nakatayi a wuya kamar mai zuwa gaida surukai. Suka haɗu a wani ɗan gidan shayi, ruwan sama yana ta yayyafi a waje. Ta saurare shi har ya gama, ba ta katse shi ba. Ta ce tudun nasu ne, mutanen ɓoyen ma nasu ne, amma shekara hamsin tana wannan aiki ba ta taɓa jin wannan labari ba. Solomon ya yi mata bayani, har da ɗan taƙama, cewa ai 'yan Ailan suna ɓoye sunan yaro ne don kada mutanen ɓoye su ji. Ta ce wa ya gaya masa? Sai ya ga ba wanda ya gaya masa. Shi ya ba kansa wannan dalili tun yana yaro.

“A wurinmu uwa za ta kira sunan har muryarta ta dushe,” in ji ta. “Ka nemi ƙasar da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Can labarin ya fito.”

Bai buƙaci nema ba. Shi ɗan fari ne. Innarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da shi a gaban mutane ba, saboda kunyar ɗan fari. Ya san al'adar sarai, kowa a ƙauyensu ya san ta. Sai dai yaron da aka raba da gida yana shekara shida bai ɗauke ta a matsayin kunya ba, ya ɗauka ba a son sa ne, kuma da wannan haushin ya tsufa.

Ya fito bai san inda za shi ba, ƙafarsa ta kai shi unguwar Barbès, ƙarƙashin gadar jirgin cikin gari inda ake cin kasuwa. Wasu 'yan Maraɗi biyu suna gardama a bakin shagon waya, ya tsaya kusa da su yana jin Hausa kamar mai jin ɗumin wuta. Sannan ya kira ƙanwarsa Hannah a gida, wadda rabonsa da muryarta tun Kirsimeti. Ta fara doguwar gaisuwa, ya gajarce ta, ya tambaye ta ko ta san labarin wata mata da ke tsayawa a ƙofar tudu.

Hannah ta yi dariya. Ta ce ai tatsuniyar Inna ce, ita ta ƙaga abarta, sai dai a nata bakin tsamiya ce ba tudu ba. Lokacin da Fada yake zuwa ƙauye koyon Hausa a wurin mata, duk zuwan da ya yi wannan ɗin dai Inna take ba shi, har sauran matan suka fara yi mata tsiya wai ba ta da wata. Ba za ta iya cewa a dawo mata da ɗanta ba, wace uwa ce za ta faɗi haka a kan ɗan fari? Sai ta riƙa ba Fada tatsuniya ko zai gane. Shi kuwa ya ji ta yi masa daɗi, ya sa wa tatsuniyar korayen kaya ya kai ta makaranta.

Solomon ya jingina da ginshiƙin gadar, jirgi ya wuce ta samansa da ƙara. Da ƙarar ta lafa ya tambayi yadda tatsuniyar take ƙarewa.

“Yaya, mu ma mun sha tambayarta,” in ji Hannah. “Sai ta ce ita ba ta sani ba, a tambayi yaron. Wai ko ba a kira shi ba, ai ya san muryar da ke waje.”

Inna ta rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Shekara takwas kafin nan bai je gida ba, kuma bai samu jana'izar ba. Baƙin ciki ya kama shi irin wanda bai yi ba ranar da aka sanar da shi rasuwar.

Ya koma Lyon da jirgin ƙarfe huɗu. Ranar Juma'a da safe Najla ta kira, ta tambaye shi ko ya samo ƙarshen. Ya ce ya samo. Ta ce to, matar ta kira sunan?

“A'a,” in ji Solomon. “Yaron yana jin ta duk shekarun nan. Shi ne bai fito ba.”